Harsashi ɗaya, bindiga biyu: Yadda Amurkawa ke zaɓen bindigar kaboyi mai cin harsashin libarba

Duk wanda ya taso a zamanin da fina-finan kaboyi ke tashe a sinimomin Kano da Kaduna da Jos ya san siffarta, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar bindigar nan da jarumin fim ke zarowa daga gefen sirdi, ya tura wani ƙarfe mai kama da zobe ƙasa, ya dawo da shi sama, kwanson harsashin da aka harba ya yi tsalle ya faɗi, sabo ya shige mazauninsa, duk kafin ƙiftawar ido. Wannan ƙarfe shi ne liba, kamar dai yadda makanikai ke kiran nasu, shi ya sa ake ce mata bindiga mai liba.

Sama da shekara 160 ke nan da fitowarta a Amurka, kuma har gobe ana ƙera ta ana rububin saye. A watan Janairun 2024 ma kamfanin Smith & Wesson, wanda duniya ta fi saninsa da ƙananan bindigogin hannu, ya fito da tasa mai suna Model 1854. Abin da masu kallon fim ba su cika lura da shi ba shi ne, da yawa daga cikin waɗannan dogayen bindigogi harsashin libarba suke ci, wato ƙaramar bindigar hannun nan mai ganga da ke juyawa, wadda yawanci ke ɗaukar harsashi shida. Ba'amurken da ya shiga kanti da niyyar sayen irinta yakan tarar da tambayoyi jere suna jiransa: wane harsashi, wace ƙira, wane kamfani, kuma me dokar jiharsa ta ce? Kuskure a amsar ɗaya daga ciki na iya ƙarewa da asarar kuɗi, ko dabbar da aka raunata ta tsere ta mutu a wahale cikin daji, ko bindiga ta tarwatse a hannun mai ita.

Inda dabarar ta samo asali

A 1860 ne Benjamin Tyler Henry, wani maƙeri da ke aiki a birnin New Haven na jihar Connecticut, ya fito da bindiga mai liba da ke ɗaukar harsashi 15 a cikin wani bututu da ke kwance ƙarƙashin bututun harbi. A wancan lokaci yawancin sojoji ta baki suke ɗura wa bindigoginsu albarushi, harbi ɗaya ɗuri ɗaya, kamar bindigar toka. Sojojin da suka samu bindigar Henry a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, waɗanda da yawansu da kuɗin aljihunsu suka saya, sun ga bambanci. Aibinta shi ne bututun harsasan yana da tsaga a buɗe, ƙasa da laka na shiga. A 1866 Nelson King ya gyara wannan ta hanyar huda wata 'yar ƙofa a gefen bindigar da ake tura harsasai ta ciki, kuma a shekarar ce kamfanin ya koma amsa sunan mai shi, Oliver Winchester.

Sunan Winchester bai tsaya a Amurka ba. Daular Usmaniyya ta sayi dubban ƙirar 1866, kuma a 1877, lokacin da Rasha ta yi wa garin Plevna da ke Bulgeriya ta yau ƙawanya, dakarun Osman Pasha sun yi amfani da su wajen karya hare-haren da aka kai musu daga kusa. Sun riƙe garin kimanin wata biyar kafin su miƙa wuya.

Wadda ta kafa al'adar da ake magana a kai ita ce ƙirar 1873. Ta zo da sabon harsashi mai suna .44-40, kuma an ƙera sama da guda 700,000 kafin a daina. A wajajen 1878 kamfanin Colt ya fara sayar da libarbarsa mai cin wannan harsashi. Daga nan lissafi ya sauƙaƙa ga makiyayi ko ɗan kasuwar da ke ratsa filayen yammacin Amurka a kan doki, inda kantin da ya fi kusa ke iya zama tafiyar kwana uku. Ɗamara ɗaya ta harsasai ta ishe shi, ya ciyar da ta ƙugu, ya ciyar da ta sirdi.

Akwai kuma dalilin da ya fi sauƙin kaya muhimmanci. Har yau ana ba da labarin wani jami'in rundunar Texas Rangers da ya riƙe libarba mai cin .45 Colt da doguwar bindiga mai cin .44-40. Ana tsakiyar musayar wuta, cikin gaggawa ya cusa harsashin libarbar a doguwar bindigar, ta cije. Sai da ya zaro wuƙarsa ya kwance sukurun murfin gefe ya cire harsashin, harbi na wucewa ta kansa. Wanda bindigoginsa biyu ke cin abinci ɗaya ba zai faɗa irin wannan rami ba.

A farko, ke nan, harsashin doguwar bindiga ne aka sa wa libarba. Yau lamarin ya juye. Bayan zuwan albarushi marar hayaƙi, da fitowar harsashin .30-30 a 1895, mafarauta sun koma ga harsasai masu dogon zango. Sai da aka ƙirƙiro harsasan libarba masu ƙarfi, wato .357 Magnum a 1935 da .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950, sannan tsohuwar dabarar ta farfaɗo. Kamfanin Marlin ya sa wa ƙirarsa ta 1894 harsashin .44 Magnum a 1969, ya biyo da .357 Magnum bayan shekara goma.

Abin da dogon bututu ke ƙara wa harsashi

Mai karatu na iya tambaya: idan harsashin ɗaya ne, me za a ƙaru da shi don an harba shi daga doguwar bindiga? Amsar tana cikin yadda albarushi ke ƙonewa. Idan aka harba, albarushin kan zama iska mai zafi da ke tunkuɗa dalmar gaba muddin tana cikin bututu. Bututun libarba bai cika wuce inci huɗu zuwa shida ba, don haka dalmar kan fice tun iskar ba ta gama aikinta ba. Harshen wutar da ake gani a bakin libarba da ƙarar da ke toshe kunne, ƙarfi ne da ya tafi a banza. Ga kuma 'yar tazarar da ke tsakanin gangar libarba da bututunta, wadda ita ma iska ke zurarewa ta cikinta. Doguwar bindiga ba ta da wannan tazara, kuma bututunta kan kai inci 16 zuwa 20.

Misali ya fi bayani. Dalmar .357 Magnum mai nauyin giram goma kan fita daga libarba mai bututun inci huɗu da gudun kimanin mita 375 a daƙiƙa. Ita wannan dalma, daga bututun inci 18, takan haura mita 500 a daƙiƙa. Ƙarin ya kai kashi 40 cikin 100, kuma a ƙa'idar kimiyya, idan gudu ya ƙaru da wannan adadi, ƙarfin dukan kan kusan ninkawa. Bayan haka, bindigar da aka tokare a kafaɗa aka riƙe da hannu biyu ta fi ta hannu ɗaya daidaiton saiti nesa ba kusa ba. Wanda zai sha wahala kafin ya sami faranti da libarba daga mita 25, yana iya samunsa daga mita 75 da doguwar bindiga ba tare da dogon horo ba.

Sai dai kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma wannan jifa ba ta da nisa sosai. Harsashin .30-30 kan tura dalma mai kusan wannan nauyi da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa. Dalmar libarba kuwa gajera ce, mai kauri, mai faffaɗan kai, iska na rage mata gudu da wuri. Faɗin kan nan ba ado ba ne. A cikin bututun ajiya harsasai jere suke, kan wannan na tokare da gindin wancan, daidai inda makunnin harsashi yake. Da kan mai tsini ne, girgizar harbi na iya sa na baya ya tayar da na gaba, su fashe a jere a ƙarƙashin hannun mai harbi. A wajajen 2006 kamfanin Hornady ya fito da harsasai masu tsinin roba mai laushi don kauce wa wannan, amma ko da su, mafarautan da suka san abin da suke yi kan tsayar da iyakarsu a kusan mita 100. Duk wanda ke neman dabba a buɗaɗɗen fili daga mita 200 zuwa sama, ya shiga kantin da niyyar sayen abin da ba nasa ba.

Harsashi kafin bindiga

Masu sabon shiga kan fara da kallon ƙyallin bindiga da kyan katakonta. Gogaggu kan fara da tambayar aikin da za ta yi, domin aikin ne ke zaɓen harsashi, harsashi kuma ya zaɓi bindiga.

Mafi yawan masu saye a .357 Magnum suke tsayawa, kuma suna da hujja. Bindigar da aka yi wa wannan harsashi tana cin .38 Special, wanda ya girme shi da shekara 30 da 'yan kai, ya fi shi araha, kuma bai da dukan kafaɗa. Kada lambobin su rikita mai karatu: kaurin dalmar duka biyun ɗaya ne, kimanin milimita tara. Kwanson .357 ne aka tsawaita da wajen milimita uku, da gangan, don kada ya shiga tsofaffin bindigogin .38 da ba za su iya jure ƙarfinsa ba. Saboda haka mutum na iya yini yana atisaye da mai arha, matarsa da matashin ɗansa su koya da shi ba tare da tsoro ba, ranar farauta kuma ya loda mai ƙarfin. Da shi ake kashe zomo da dila da ke addabar gona, da shi kuma ake harbin barewar Amurka daga kusa, muddin an zaɓi dalma mai nauyi da aka yi domin farauta.

Arhar tana da sharaɗi biyu da masu kanti ba su cika faɗa ba. Wasu bindigogin kan yi gardama da .38 Special saboda gajartarsa, ya ƙi hawa mazauninsa daidai, musamman idan kan dalmar a daɗe yake sosai. Sannan idan aka yawaita harba gajeren, datti kan taru ya yi zobe a gaban mazaunin, ranar da aka sa dogon sai ya ƙi shiga ko ya ƙi fita. Maganin na biyun goge bindiga ne. Na farkon kuwa sai gwaji, domin bindigogi biyu daga kamfani ɗaya na iya saɓawa a halayya.

Wanda babban burinsa farauta ce, musamman a dazuzzuka masu duhu inda ake cin karo da manyan barewa da aladen daji da baƙar dabbar beyar, yakan zarce zuwa .44 Magnum. Wannan shi ne harsashin da fim ɗin Dirty Harry na Clint Eastwood ya ɗaukaka a 1971. Dalmarsa da aka fi sani tana da nauyin giram 15 da rabi, kuma daga doguwar bindiga takan fita da gudun da ya yi kusa da na .357, don haka dukanta ya fi nauyi da kusan rabi. Kuɗinsa ya fi yawa, kuma a bindiga marar nauyi mai gindin ƙarfe, kafaɗa kan ji a jikinta bayan harbi goma. Shi ma yana da ƙane mai sauƙi, .44 Special, sai dai ba kowane kanti ke ajiye shi ba, kuma ba arha gare shi ba.

A nan akwai wani ɗan abin lura ga mai sayen tsohuwar bindiga. A cikin bututun harbi akwai tsagi mai murɗawa da ke sa dalma ta fita tana juyi kamar katantanwa, wanda shi ke hana ta wuntsilawa a iska. Tsofaffin Marlin masu cin .44 Magnum tsaginsu kan kammala zagaye ɗaya ne a cikin inci 38, abin da bai isa ya daidaita dalma mai nauyi sosai ba. Sababbin an mayar da su zagaye ɗaya a inci 20.

Na uku shi ne .45 Colt, tsohon harsashin sojan Amurka na 1873. Abin mamaki, duk da kasancewarsa harsashin kaboyi na asali, Winchester ba ta yi masa doguwar bindiga a wancan ƙarni ba, domin leɓen gindin kwansonsa ya yi ƙanƙanta, ƙugiyar da ke zaro kwanso ba ta kama shi da kyau. Sai a shekarun 1980 aka fara ganinsa a bindigogi masu liba. Nau'insa na yau da kullum mai sanyi ne, matsin da yake haifarwa bai kai rabin na .357 Magnum ba, kuma dogon bututu bai cika ƙara masa gudu mai yawa ba. Amma akwai ƙananan kamfanoni da ke ɗura shi da ƙarfin da ya kusa na .44 Magnum, a cikin kwanso iri ɗaya, da suna iri ɗaya in ban da gargaɗin da ke jikin kwali. Wannan shi ne tarkon .45 Colt: harsashin da ya dace da wata bindigar yana iya lalata wata.

Shi kuwa .44-40, uban tafiyar, ya zama na masu sha'awar tarihi da masu ɗura harsasansu da kansu a gida.

Ƙirar ciki da hannun maƙeri

Daga waje bindigogin kan yi kama da juna, amma cikinsu ya kasu gida uku. Ƙirar 1873 tana kulle mazaunin harsashi da wasu gaɓoɓin ƙarfe masu lanƙwashewa kamar gwiwa. Wannan ya sa libarta ke tafiya sumul, da sauri, kuma harsashi ke shiga a miƙe ba tangarɗa. Shi ya sa ta zama abar so ga 'yan wasan harbin kaboyi, wasan da ƙungiyar SASS da aka kafa a 1987 ke kula da shi, inda manyan mutane, likitoci da lauyoyi da 'yan fansho, ke shigar ƙarni na 19, kowa ya laƙaba wa kansa suna, su yi gasar harbin faranta na ƙarfe. Ƙa'idar wasan ta wajabta doguwar bindiga mai cin harsashin libarba, da dalma zalla, da gudu mai iyaka. Raunin ƙirar 1873 shi ne gwiwar nan ba a yi ta don matsi mai tsanani ba. Ita ce bindigar da bai kamata a kusantar da zazzafan .45 Colt gare ta ba.

Ƙirar 1892 aikin John Moses Browning ce, maƙerin garin Ogden na jihar Utah wanda da wuya a sami wanda ya kai shi tasiri a tarihin ƙera bindiga. Ya sa wasu sanduna biyu na ƙarfe da ke tasowa su datse bayan mazaunin, kamar sakatar ƙofa. Bindigar ta fito ƙarama, marar nauyi, mai ƙarfi, aka ƙera sama da miliyan ɗaya. Yawancin abin da aka gani a hannun John Wayne ita ce, har a fina-finan da labarinsu ya faru shekaru kafin a ƙirƙiro ta, abin da bai taɓa damun masu kallo ba. Matsalarta, ita da ta 1873, ta sama suke tofar da kwanso, daidai inda ake ɗora madubin hangen nesa. Ga matashi mai kaifin ido wannan ba komai ba ne. Ga wanda ya haura 50, wanda saitin ƙarfe ya fara yi masa hazo, babbar magana ce.

Ƙirar Marlin ta 1894 ce ta warware wannan tun asali, domin samanta a rufe yake, ta gefe take fitar da kwanso, ana ɗora mata madubi cikin sauƙi, ruwan sama da ganye ma ba su cika shiga ba. Bindigogin Big Boy na kamfanin Henry da sabuwar Smith & Wesson duk wannan hanya suka bi.

Sunan da ke jikin bindiga kuma ba ya nuna inda aka ƙera ta, abin da ɗan kasuwa ya fi kowa sani. Masana'antar Winchester ta New Haven ta rufe a 2006. Bindigogi masu liba da ke ɗauke da sunan a yau kamfanin Miroku ne ke ƙera su a Japan, aikinsu na da kyau, kuɗinsu ma haka. Kamfanin Uberti na Italiya ya shahara da kwaikwayon ƙirar 1866 da 1873. Rossi na Brazil ke yin ƙirar 1892 mafi arha, wadda kan zo da ɗan tauri sai an yi ta aiki da ita kafin ta saki. Kamfanin Henry na yanzu an kafa shi ne a 1996, suna kawai ya haɗa shi da maƙerin 1860. Marlin kuwa ta sha hannu: Remington ta mallake ta a 2007, masu saye suka yi ta ƙorafi kan ingancin abin da aka fitar a shekarun farko bayan an sauya masana'anta, sannan da Remington ta durƙushe a 2020 kamfanin Ruger ya saye sunan, ya koma ƙera ta a jihar North Carolina. Don haka mai sayen Marlin ta hannu yakan duba tambarin da ke jikin bututu ya san zamanin da aka yi ta kafin ya taya.

Sauran zaɓin na jiki ne. Doka a Amurka ba ta yarda bututun doguwar bindiga ya gaza inci 16 ba sai da rajista ta musamman. Mai inci 16 takan ɗauki harsashi takwas ko kusa da haka, mai inci 20 ta ɗauki goma. Ƙarin inci huɗun bai cika ƙara gudu mai yawa ba, tunda albarushin libarba ya riga ya gama yawancin aikinsa. Nauyi ma ya bambanta: ƙaramar Rossi ba ta kai kilo uku ba, Henry mai jikin tagulla kuwa ta kusa kilo huɗu. Tagullar na ɗaukar ido a kanti, kuma nauyin na rage dukan kafaɗa, amma wanda zai yini yana hawan tudu da ita zai gwammace ya bar kyan a kanti.

Hannun doka a cikin kasuwar

Ba sha'awar tarihi kaɗai ke riƙe da wannan kasuwa ba. Wasu jihohin tsakiyar Amurka, masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da gonaki da gidaje kusa da juna, sun daɗe suna hana farautar barewa da manyan bindigogi masu dogon zango, don gudun kada harsashin da ya kuskure ya faɗa gidan wani. Daga baya suka sassauta ga harsasai masu miƙaƙƙen kwanso, irin na libarba, waɗanda ba su da nisan tafiya. Ohio ta yi haka a 2014, tare da sharaɗin kada a loda fiye da harsashi uku. Iowa ta biyo baya a 2017. Ƙa'idar da Michigan ta kafa wa kudancinta a 2014 ta ce tsawon kwanso kada ya gaza inci 1.16, kada ya wuce 1.80. Kwanson .38 Special inci 1.155 ne. Da tazarar da ba ta kai kaurin farce ba ya faɗi jarrabawar, yayin da .357 Magnum ya haye.

A jihohi irin su California da New York, inda aka tsaurara doka kan bindigogi masu loda kansu, bindiga mai liba ta tsira, tunda hannun mutum ne ke loda kowane harsashi. A Birtaniya ma, bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane a 1996 da haramta ƙananan bindigogi a 1997, da yawan 'yan ƙungiyoyin wasan harbi sun koma ga bindigogi masu liba da ke cin .357 da .44, ƙarƙashin lasisin 'yan sanda. A Amurka mai saye daga dillali mai lasisi sai ya cike takarda, an binciki tarihinsa, kuma dokar tarayya ta sa shekara 18 ga doguwar bindiga, 21 ga ta hannu, ko da yake wasu jihohin sun ɗaga ta farkon ma zuwa 21.

A Najeriya lissafin daban yake gaba ɗaya. Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba a jerin makaman da aka haramta, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, doguwar bindigar farauta kuma sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, haka nan harsashi ba a riƙe shi sai da izini. Matafiyin da ya ga irin wannan bindiga a rataye a kantin Texas kamar garma, ya sani cewa shigo da ita ko harsashinta ba bisa ƙa'ida ba laifi ne mai kai mutum gidan yari.

Inda hatsarin yake

Tsohuwar ƙira tana tafe da tsofaffin haɗurra. A yawancin bindigogi masu liba, hanyar sauke harsasai ita ce a yi ta kaɗa libar har su fito ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne sai ya ratsa mazaunin harbi, gudumar bindigar na ɗane, yatsa na kusa da kunama. A wannan lokaci ne ake yawan samun harbin kuskure, a bakin mota ko a ƙofar gida, bayan an gama farauta hankali ya kwanta. Marlin ta ƙara wa bindigoginta maɓallin kariya tun 1983, masu ra'ayin gargajiya suka yi ta gunaguni cewa ya ɓata mata siffa. Kamfanin Henry ya daɗe yana yin nasa da bututun ajiya da ake zarewa ta gaba, a zazzage harsasan ba tare da sun bi ta mazaunin ba. Daga 2019 ya fara haɗa wannan da 'yar ƙofar gefe, mutum ya loda ta gefe, ya sauke ta gaba. Ga gidan da ke da yara ko mai koyo, wannan siffa ta fi kyan katako daraja. Ko a hakan, harsashi kan iya maƙalewa a bututun ya fito daga baya, shi ya sa ake buɗe libar a leƙa da ido kafin a ce bindiga ba komai a cikinta.

Kalmar gajeren zango ma tana yaudara. Mita 100 iyakar harbin da ake da tabbacin zai kashe dabba nan take ne. Dalmar da ta kuskure tana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya kafin ta faɗi, da sauran ƙarfin da zai yi kisa.

Kuskuren jami'in Texas ɗin nan kuma bai mutu ba, kama ya sauya. Harsashin .44 Magnum ya fi na .45 Colt siranta kaɗan, don haka yana shiga mazaunin .45 Colt salin alin, liba ta rufe kamar ba komai. Idan aka harba, kwanson da bai cika mazaunin ba yana iya tsagewa, iska mai zafi ta yi baya wajen fuskar mai harbi. Mutumin da ke da bindigogin biyu a gida, ko abokai biyu da suka zuba harsasansu a kan tebur ɗaya a filin atisaye, su ne abin ya fi samu. Kowace bindiga an buga sunan harsashinta a jikin bututu, kowane harsashi kuma an buga nasa a gindin kwanso, kuma masu koyar da harbi kan sa ɗalibi ya karanta duka biyun da babbar murya kafin ya tura na farko ta ƙofar gefe.